Ƙanzon da Na Kankare a Injin Baba

Abubuwa da yawa na shekarun farin nan sun gushe mini, sai wani ya tuna mini nake cewa ashe haka aka yi. Amma ranar da na kwance cikin ordinatar ɗin Baba, wato kwamfutarsa, wannan kam ko haƙorana sun zube don tsufa ba za ta fita daga kaina ba.

Lokacin na gama lise, na zauna bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, ban samu ba, ina gida a unguwarmu ta Birni ina jiran shekara ta zagayo in sake. Ni kuwa dama ba mai iya zama ba ce. Inna takan ce tun ina ciki ban jira watannina sun cika ba, kuma har yau ban koyi jira ba. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero bai yi ido ba, gidanmu ya cika da dangi daga ƙauye. Cikinsu har da Gwaggo, yayar Baba, wadda ta taso daga wani ƙauye na ƙasar Dakusa da ƙullin tufafinta a hamata da madambacinta na yumɓu a ka. Ranar da ta shigo ban iya riƙe bakina ba.

"Gwaggo, ba hatsi amma kin ɗauko madambaci?"

Ta sauke shi a hankali kamar jariri, ta ce, "Hatsi zai dawo, 'yar nan. Ya tarar da ni a shirye."

Baba aikinsa rubuta wa mutane takardu. A zauren gidanmu yake zama da teburinsa, masu neman aiki da masu ƙorafi da masu haɗa dosiye, wato tarin takardun shaida, suna zuwa yana buga musu. Injin da yake aikin da shi tsohon ordinatar ne da wani ofis ya yar aka yi gwanjonsa. Farinsa ya koma ruwan ƙwai, in aka kunna shi sai ya yi ta gurnani kamar injin niƙa kafin ya farka. Amma a wannan shekarar shi ne gonarmu, shi ne rumbunmu. Duk bakin da ke tauna a gidan, daga cikin akwatin nan ake ciyar da shi. Baba yana barina in taɓa shi don na fi shi saurin hannu, kuma in aiki ya ƙare yakan kau da kai in yi wasa. Doka ɗaya ya kafa mini: kada in kuskura in buɗe cikinsa.

Wasan kuwa tseren motoci ne, a wani faifai da ƙawata ta ba ni. A siber ɗin yayanta, shagon da ake biya a yi aiki da inji, na fara ganinsa, mota na tafiya sumul kamar an zuba mai a tire. A namu injin sai motar ta tsaya cak, in ƙifta ido in ganta ta riga ta daki bango. Ba faɗuwar ce ke ci mini rai ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne dalili. Faifai ɗaya, wasa ɗaya, me wancan akwatin yake da shi a ciki wanda namu ba shi da shi? Na yi ta tambaya har aka gaji da ni. Da siber ɗin ya rufe saboda yawan ɗaukewar wuta, matattun injuna suka taru a ɗakin su ƙawata, sai ta ciro mini abu biyu a cikinsu. Ɗaya barret, wani siririn allo kore mai ƙara wa inji wurin riƙe abu a ka. Ɗayan kuma kart na hoto, mai 'yar fankarsa a jiki. Na naɗe su a ɗankwali na ɓoye a ƙasan akwatina, kwana tara ina jin kamar garwashi na ajiye.

A cikin kwanakin nan ne manzon maigarin su Gwaggo ya zo da tarin takardu, wasu da ajami wasu da boko, wasu ma a bayan kwalin shayi aka rubuta. Sunayen magidantan ƙauyen ne, da yawan bakin kowane gida, don rabon hatsin taimako. Kwana uku ni da Baba muna shigar da su, Gwaggo na zaune a bakin ƙofa tana gyara mana: wannan ya rasu, matarsa za a sa, wancan gida biyu ne ba ɗaya ba. Sunanta ma yana ciki. Da muka gama manzo ya kwashe takardunsa ya koma, da alkawarin zai dawo jibi da sassafe ya karɓi bugaggen jerin ya kai inda ake karɓa, don ranar ce ta ƙarshe. Saura bugawa kawai, tawada ce ta ƙare. Baba ya ce washegari zai je kasuwar Mirriya neman gero mai sauƙi, a hanyar dawowa zai sayo.

Mai hankali zai ce a bari a buga jerin tukuna. Ni abin da na gani shi ne Baba ba ya gida yini guda, ga wuta an kawo.

Ƙurar motar su Baba ba ta lafa ba na jawo ƙofar zaure, na zare waya, na kwantar da injin a tabarma. Da na cire murfin sai na tsaya ina kallo baki buɗe. Na zaci zan tarar da cikinsa cunkushe, ashe yawancinsa fili ne. Wani babban allo kore a kwance, layuka sun ratsa shi kamar lungunan Birni in ka hau soro ka leƙo, ga 'yan gidaje baƙaƙe, ga wasu dogaye kamar rumbuna. Ga yanar gizo-gizo, ga busasshiyar tsaka a kusurwa, Allah kaɗai ya san tun wane ofis take. Barret ta shiga raminta da ƙas. Kart ya ɗan yi mini gardama, na juya shi, shi ma ya zauna. Aikin da na yi kwana tara ina tsoro bai kai tsawon dafa shayi ba.

Da a nan na tsaya da babu labari. Amma a tsakiyar allon akwai fanka zaune a kan wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, an ɗaure shi tam ta kusurwa huɗu. Duk abin da aka ɗaure haka, na ce a raina, akwai abin da yake ɓoyewa. Na ɓalle maɗauran, na murɗa, na ɗaga. A ƙarƙashi na ga ɗan murabba'in ƙarfe, bai fi akwatin ashana faɗi ba. Na gane shi daga zanen littafinmu na lise: ƙwaƙwalwar injin ce. Amma a kanta, da kuma gindin matajin, wani abu ne toka-toka ya bushe ya daskare.

To, ni a gidan da aka raine ni, mace ba ta barin ƙanzo a gindin tukunya. Inna takan ɗaga tukunya ta kalli rana ta cikinta, in ta ga ɗigo ɗaya a sake. Ina ganin abin nan na ce shi ke nan, na kama ɓarawo. Yaya ƙwaƙwalwa za ta yi gudu da wannan datti a kanta? Na ɗauko bayan cokali na kankare shi tas, na dangwalo toka da tsumma na goge ƙarfen biyu har na ga idona a ciki. Wallahi na yi alfahari. Har na ji tausayin mazan da suka yi shekaru suna aiki da injin ba wanda ya taɓa tunanin wanke masa kai.

Na mayar da komai, na kunna, na sa faifan da ƙawata ta haɗo mini da kart ɗin, sannan na buɗe wasan. Ina ma a ce kun ga abin da na gani. Motar ta tafi kamar ruwa a gangare. Hanyar da na zaɓa ta ratsa wasu tsaunuka kore shar, ana ruwan sama, ɗigo na sauka a gilashi, ciyawa na kaɗawa a gefen titi. A da duk wannan dunƙulen launi ne kawai nake gani. Na yi ihu ni kaɗai a zaure.

Ban gama zagaye na biyu ba fankar ciki ta fara kuka kamar za ta tashi sama. Sai ɗif. Allon da nake kallo ya yi baƙi.

Na ce wuta ce aka ɗauke, na ɗaga kai, fankar rufi tana juyawa abinta. Na sake kunnawa. Ya farka, ya kai ni bakin wasan, ɗif. Na uku bai ma gama gaisuwa ba. Na taɓa gindin matajin, na janye hannu ba shiri. Na daure na yi tunani kamar yadda aka koya mana: abin da ka ƙara shi ne ya kawo matsala. Na cire kart. Ɗif. Na cire barret, injin ya koma yadda Baba ya bar shi, ba ƙari ba ragi. Na kunna ina addu'a, na kai hannu zan buɗe jerin sunayen, na ga sunan farko ya bayyana, ɗif.

Sai a lokacin na manta da mota. Gidaje ne na ƙauye guda a cikin akwatin nan, takardun asali sun koma Dakusa, manzo zai zo da sassafe, injin kuwa ba ya iya rayuwa tsawon karanta Fatiha uku. Na ɗauko mafici na yi ta fifita masa kamar mara lafiya. Na fita tsakar gida da tsohon buhu zan jiƙa in lulluɓa masa, Inna ta tare bakin randa.

"Bido biyu na ruwa mai garuwa ya kawo tun asuba, ke kin san yawan masu sha. Me za ki jiƙa?"

"Ba komai."

"To ba komai ɗin ya yi haƙuri da ƙishi."

An yi azahar. Na tsugunna a inuwar katanga kusa da murhu, don nan ne kawai ba wanda zai tambaye ni. Gwaggo ce ke girki, dambun zogale, wanda a shekarar nan zogalen ya fi tsakin yawa. Ta ɗora madambacinta a bakin tukunya, ta kwaɓa garin kuka da ɗan ruwa a sakaina, tana bin mahaɗar da yatsa tana liƙewa. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Injin ƙanena ya yi shiru, ke ma kin yi shiru. Ɗayanku ne ya mutu ko duka biyun?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. Na faɗa mata komai. Ta ci gaba da liƙinta har ta zagayo inda ta fara, sannan ta ce, "Kin ce kin mayar da shi yadda yake."

"Na mayar."

"Ba abin da kika fitar?"

"Ba komai. Datti kawai na kankare."

"Nuna mini dattin."

Na ji haushi. Matar da ba ta san inda ake kunna shi ba, me za ta gani? Amma na kai ta zaure, na nuna mata ɓarɓashin a kan tsumma, na ɗaga matajin na nuna mata inda yake. Ta murza ɓarɓashin a yatsa, ta shinshina. Ta sunkuya ta leƙa sauran allon.

"Can akwai irinsa?"

"Babu."

"Nan fa?"

"Babu, Gwaggo, a nan kawai yake."

"Daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, bai wuce ba bai gaza ba." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "'Yar boko, datti ba ya da ladabi haka. Datti ko'ina yake zama. Wannan hannu ne ya sa shi."

Ta jawo ni har murhu, ta sa farce ta ɓantare liƙin kukar kaɗan. Tururi ya fito ta wurin da shiii. Ta ce, "Kin gani? Bakin tukunya sumul, gindin madambaci sumul, a ido sun haɗu. Amma abu mai tauri da abu mai tauri ba sa haɗuwa sai da mai taushi a tsakani. In babu shi zafi ba ya bin hanyar da aka yi masa." Ta mayar da liƙin, tururin ya koma yana fita ta sama, ta cikin dambu.

Kaina ya yi wani haske. Matajin nan aikinsa ya janye zafi daga ƙwaƙwalwa ya miƙa wa fanka, ni kuma na kankare gadar da ke tsakaninsu. Ban tsaya godiya ba na wawuri sakainar kuka na nufi zaure. Gwaggo ta cafke zanina ta baya.

"Ina za ki da miyata?"

"Ba ke kika ce liƙi ba ne?"

"Na ce liƙi ne, ban ce na san da me aka yi shi ba. Ke da safe kin yi wa inji wanka, da rana za ki ba shi miya? Je ki tambayi masu abin."

A ƙasa na tafi, cikin rairayin lungunan Birni mai ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, har babbar kasuwa, rumfar wani mai gyaran rediyo da injuna wanda na sha tsayawa ina kallon aikinsa. Na buɗe masa tsumman ba ko sallama mai kyau.

"Malam, mene ne wannan?"

Ya duba, ya ce, "Pat ce, man da ake sa wa ƙwaƙwalwa. Wa ya kankare?"

"Ni."

"Da me?"

"Bayan cokali. Na bi da toka."

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya leƙa rumfar maƙwabcinsa. "Kai, zo ka ji! Madmazel ta wanke ordinatar da toka, saura ta kife shi a rana ya bushe!" Suka yi dariya har da riƙe ciki. Na ce in ya gama ya ba ni magani, don ba dariya na zo saya ba. Ya share hawaye, ya ɗauko wani ɗan sirinji mai farin mai a ciki. Ya bayyana mini cewa ƙarfe komai santsinsa yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska na maƙalewa a ciki ta tare zafi, man ne ke cike su. Ya ce injin ba lalacewa ya yi ba, kashe kansa yake don kada ya ƙone, amma in na ci gaba da tilasta masa zan gasa shi.

Na ce, "Haka Gwaggona ta ce."

"A ina ta yi karatu?"

"A gindin murhu."

Ya ce to a gaishe ta, ta fi rabin yaran da yake koya wa aiki. Ya ba ni aron sirinjin, ya ɗaga yatsa: "Kamar ƙwayar wake ɗaya, ƙanwata. Ba man shanu ba ne, kada ki lafta."

Na dawo gab da la'asar. Na ɗiga ƙwayar wake ɗaya, na ɗora mataji, na ɗaure kusurwa huɗu, na kunna. Jerin na buɗe, ba wasa ba. Sunan farko ya fito, na biyu, na goma. Ina so in latsa nan in latsa can in tabbatar. Gwaggo ta zauna a tabarma da carbinta ta ce, "Zauna. Dambu ba ya nuna don an yi ta buɗe shi." Muka zauna muna kallon akwati yana gurnaninsa na da. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ta ja carbi ta zagayo, ta sake zagayowa, injin bai mutu ba.

Baba ya shigo kafin magariba da rabin buhu da tawada, gajiya ta rufe masa fuska. Ya buga jerin, shafi bayan shafi, ya jera su ya danne da dutse. Sai idonsa ya faɗa kan kusa ɗaya da na manta ban mayar ba. Ya ɗaga ta yana juyawa. Gwaggo ta ce, "Faɗa masa da bakinki, ya fi daɗin ji." Na faɗa, har tokar ban ɓoye ba. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya dafa takardun ya ce, "Kin san gida nawa ne a nan?" Na ce na sani, ni na buga su. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi bulala.

Da sassafe manzo ya zo ya karɓi jerinsa, bai san abin da ya faru ba. Ni kuwa mako biyu ban taɓa injin ba. Ranar da Baba ya kira ni na zaci wani faɗan ne, sai ya ce, yana kallon wani wuri, wai ɗan koren allon nan da na ce yana ƙara sauri, shin yana yi wa rubutu ma? Na ce yana yi. Ya ce in sa, amma a gabansa. Na sa barret, na sa kart, yana tsaye a kaina yana tambayar sunan kowane abu. Ashe shi ma shekara da shekaru yana son ganin cikin.

Da yammar ranar na buɗe wasan, na taka mota iya ƙarfinta. Gwaggo ta leƙo don ta ga abin da ya kusa cinye mata rabo. Tana ganin allon ta jawo kujera.

"Wannan ruwa ne ake yi?"

"Ruwa ne, Gwaggo, amma na ƙarya."

"Na ji. Rage gudu."

"Tsere ne fa, za su wuce ni."

"Su wuce. Tafi a hankali in ga ciyawar."

Na rage. Motoci suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Na gangara gefen titi ina tafiya kamar amalanke, ruwa na sauka a gilashi, ita kuwa ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo, tana cewa wannan ƙasa in aka ba ta iri ba za ta ci amana ba. Kusan kullum sai mun yi haka har damina ta zagayo, ta ɗauki madambacinta ta koma. Duk wahalar da na sha don mota ta yi gudu, a ƙarshe ban taɓa jin daɗin injin nan ba kamar lokacin da nake zuwa ta ƙarshe.

Har yau ban zama mai haƙuri ba, kada in yi muku ƙarya, kuma ban daina buɗe cikin abubuwa ba. Amma tun daga ranar, in na tarar da wani abu zaune a inda ban gane amfaninsa ba, a inji ne ko a gidan mutane ko a al'adar da ta girme ni, ba na fara kai cokali. Nakan tsaya in duba: ko'ina yake, ko kuwa daidai mahaɗa? In daidai mahaɗa ne, to hannu ne ya sa shi, kuma sai na nemo mai hannun na tambaya kafin in kankare.